Tambaya: wane gefe na bayan garin Kano ya fi dacewa da mai ƙananan yara?

Baban Walida:

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawararku a kan wani lamari da ya hana ni sakat kusan wata biyu ke nan. A cikin Badala aka haife ni, a nan na yi aure, kuma har yau a gidanmu na gado nake zaune da matata da 'ya'yanmu huɗu, a ciki da falo. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, magada sun amince a sayar da gidan a raba kuɗin, domin mu goma sha ɗaya ne, gidan kuwa ba zai yanku ta yadda kowa zai sami abin da za a kira muhalli ba. Abin da zai zo hannuna, ko da na haɗa shi da ɗan abin da na tara a adashe, ba zai saya mini ɗaki biyu a cikin gari ba, saboda haka fita bayan gari ta zama dole.

A Kantin Kwari nake, ina tsaron shago tare da maigidana, kuma ba na barin kasuwa sai an kusa magariba. Ba ni da mota, babur ɗina ma na sayar bara. Babbar 'yata tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, mai bi mata yana aji huɗu na firamare, ta uku tana aji ɗaya, ƙaramin yana goye. Duka ukun suna zuwa islamiyya da yamma, babbar ta kai izu goma sha biyu a hadda, kuma ba na son ƙaura ta zama sanadin zubewar wannan karatu.

Dillalai sun nuna mini wurare uku. Na farko fuloti ne awon igiya, ƙafa hamsin da hamsin, a can cikin Danbare, da ɗan nisa daga titin Gwarzo, wanda idan na saya zan sami rarar da za ta yi mini ɗaki biyu da banɗaki da katanga. Na biyu tsohon gida ne ƙarami a wajen Gaida, ta hanyar Panshekara, mai ɗaki uku, wanda zai lashe kuɗin gaba ɗaya har sai na ɗan ci bashi. Na uku fuloti ne mafi girma kuma mafi araha a bayan Mariri, amma gidajen da na ƙirga a kewayensa ba su fi goma ba, saura duk kangaye ne da gonaki. Waɗanda suka riga ni fita, don Allah ku faɗa mini abin da ya kamata in fi ba wa nauyi tsakanin makarantar yara, da kuɗin da ke hannuna, da irin jama'ar da zan zauna a cikinsu.

Abu Sadiƙ:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya jiƙan mahaifi, Ya sa albarka a abin da ya bari. Ni a gefen Danbare nake tun 2019, kuma zan yi maka magana a kan abin da na taka da ƙafata.

Ka fara sanin abin da ake nufi da awon igiya kafin ka ƙirga ko kwabo. Gona ce mai ita ya sayar, dillalai suka yanka ta fuloti-fuloti, kuma tun da kowace ƙafa kuɗi ce a wurinsu, hanyar da suke bari sau da yawa ba ta wuce ta mota ɗaya ba, filin makaranta da magudanar ruwa da maƙabarta kuwa babu wanda ya tuna da su. Takardar cinikin da mai unguwa da dagaci da shaidu za su sa wa hannu tana da amfani ƙwarai, kada ka yarda a yi ciniki babu ita, amma ba ita ce shaidar mallaka ba, domin tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasar jiha a hannun gwamna take. Ka ɗauki mutumin da ya san aikin safiyo ku je ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jiha, da KNUPDA, hukumar tsara birane, a duba maka ko wurin ya hau kan titin da aka tsara, ko yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko yana cikin wani awon gwamnati da aka yi tun tuni aka bari a takarda. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya isa ya tuna wa kowa cewa gini a kan filin da ke da magana kasada ne. Idan kuma gonar gado ce, ka tabbata duk magada sun sa hannu, har matan da ke aure a wasu garuruwa, domin kai kanka ka san yadda rabon gado yake.

Sai ruwa, kuma shi iri biyu ne, wanda ake gudu da wanda ake nema. Ni da rani na sayi filina, wurin ya yi mini kyau kamar an share, ashe tsohuwar hanyar ruwa ce. Daminar farko sai da muka kwana biyu muna kwashe ruwa daga tsakar gida da bokiti, kuma kuɗin cikon ƙasar da na zuba daga baya ya kusa kai rabin kuɗin filin. Idan da hali, ka je ka ga kowanne daga cikin wuraren nan a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Idan lokaci bai ba ka ba, ka dubi gindin katangun maƙwabta, domin ruwa yana barin shaidarsa a jikin bulo. Ruwan sha kuwa, kada ka sa rai da famfo. Ka tare mai kurar ruwa ka tambaye shi nawa yake sayar da jarka yanzu, nawa yake sayarwa a watan Afrilu idan rijiyoyi sun ja baya, daga ina kuma yake ɗebowa. Gida mai mutum shida yana shan jarkoki da yawa a rana, kuma wannan kuɗi ne da ba a ganinsa ranar ciniki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin hanya. Tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin Kano, saboda haka a daidaita sahu ce abin hawanka, ita kuwa ba ta son shiga lungu mai yashi ko taɓo, idan ta shiga kuma sai ta ninka kuɗi. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, kuma kuɗin hawa ya bi ta. Daga cikin Danbare zuwa Kwari aƙalla hawa biyu ne bayan tafiyar ƙafa zuwa titi, ga cunkoson Rijiyar Zaki da Kabuga da safe. Ka ɗauki biro ka rubuta abin da za ka kashe zuwa da dawowa a rana, ka ninka sau kwanakin kasuwa na shekara, ka ƙara na yara idan makarantarsu ba ta ƙafa ba ce. Da na yi wannan lissafi tun farko, da na sayi rabin fuloti kusa da titi maimakon cikakke a cikin lungu. Na bayan Mariri ɗin nan, a ganina, filin ajiya ne, bai kai na zama da yara ba tukuna.

Malama Uwar Ɗalibai:

Baban Walida, ni malamar makaranta ce, na koyar a ta gwamnati na kuma koyar a ta kuɗi, kuma ina ganin ka jera tambayarka a baibai. Kana neman gida sannan ka nemi makaranta kusa da shi, alhali mai 'ya'ya uku a makaranta makaranta ya kamata ya fara samu, sannan ya nemi gidan da yaro ɗan shekara shida zai iya takawa daga gare shi ba tare da ya tsallaka babban titi ba.

Unguwannin da kake magana a kansu, yawancinsu a ƙananan hukumomin Kumbotso da Ungogo suke, kuma jama'a ta riga gwamnati isa wurin. Makarantar firamare da aka gina domin ƙauye guda ita ce yanzu take ɗaukar 'ya'yan unguwanni biyar, shi ya sa za ka tarar da aji cike maƙil, malami ɗaya yana fama. An ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, an kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, an gyara azuzuwa a wurare da dama, amma kai abin da ya dame ka shi ne makarantar da ke kusa da filin da za ka saya, don haka ka je da kanka ranar aiki, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, ka leƙa aji huɗu ka ga yara nawa ne kuma akwai malami a gabansu ko babu.

Makarantun kuɗi kuwa sun cika bayan gari, kowane layi da tasa, amma da yawansu gidan haya ne aka yi wa fenti aka rataya allo. Kada kyan kayan makaranta ko turancin da shugaba zai yi maka ya ruɗe ka. Ka tambayi ko suna da rajista da hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha. Ka roƙi a nuna maka littafin rubutun wani yaro na aji uku, ka duba yaushe rabon da malami ya sa jan biro a ciki. Ka tambayi malamin lissafi shekara nawa ya yi a wurin, domin makarantar da ke sauya malamai kowane zango saboda ƙarancin albashi ba ta gina yaro, komai arahar kuɗinta. Sannan ka ce a rubuta maka duk abin da ake biya a shekara, ba kuɗin zango kaɗai ba, har littattafai da kayan sawa da kuɗin jarrabawa da na bikin yaye ɗalibai, ka ninka sau uku tunda yara uku ne, domin a nan ne iyaye da yawa suke karaya a zango na biyu.

Walida ce ta fi ba ni tunani. Makarantun lungu da yawa a aji uku na ƙaramar sakandare suke tsayawa, wasu kuma suna da babbar sakandare a suna kawai, babu ɗakin gwaje-gwaje, sai lokacin jarrabawa su kwashi yara zuwa wata makaranta. Nan da shekara biyu za ta bukaci babbar sakandare ta 'yan mata, kuma na ga yarinya fiye da ɗaya da karatunta ya tsaya ba don komai ba sai don uba ya gaji da kuɗin a daidaita sahu, uwa kuma ta tsorata da doguwar hanya. Idan tana da ƙoƙari, ka sa ido a kan jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jiha da ake yi bayan aji uku. Irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe tun 1977, na maza ne, za su yi wa ƙaninta amfani nan gaba, amma hukumar makarantun kimiyyar tana da na 'yan mata ma, kamar ta Garko. Irin wannan makarantar kwana tana rage wa mazaunin bayan gari wahalar hanya sosai.

Game da hadda, ka je da ita islamiyyar da kake so ta koma, malamin ya saurare ta, kai ma ka saurari ɗalibansa. Ka tambayi da wace ruwaya suke karatu, domin yawancin islamiyyu da Hafsu suke yi, makarantun allo kuma da Warshu, kuma yarinyar da ta ɗauki izu goma sha biyu da ɗaya ba a juya ta zuwa ɗayar a tsakiyar tafiya ba tare da ta rikice ba. Kada kuma ku tashi a tsakiyar zango. Ku bari sai dogon hutu. Idan ka tambaye ni cikin ukun nan, gidan Gaida zan fara dubawa, saboda unguwar ta daɗe da cika, makarantu sun riga sun zauna, ana iya tambayar iyaye sakamakonsu. Sai dai ka shaƙi iskar wurin da yamma ka kuma ɗanɗani ruwan rijiyarsa, tunda gefen yana tsakanin masana'antun Sharaɗa da na Challawa.

Ɗan Kasuwa Mai Lissafi:

Da izinin Malama, ni ban goyi bayan ya zuba duk kuɗinsa a tsohon gida har ya ci bashi ba. Tsohon gida yana zuwa da kwanon da ke yoyo da masai da ya cika, kuma mutumin da ba shi da ko sisi a ajiye, ga bashi a wuya, ga jariri, ciwo ɗaya ya isa ya durƙusar da shi. Haka nan ban yarda ya riƙe kuɗin yana dogon nazari ba, domin hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuma duk wanda ya ajiye kuɗin gini a banki a wannan shekara ya ga yadda buhunan simintinsa suka ragu yana kallo. Ƙasa ita ce ba ta narkewa. Rijiyar Zaki da Na'ibawa da Hotoro duk an taɓa kiransu daji, waɗanda suka saya a lokacin ana yi musu dariya su ne masu gidaje a yau.

Shawarata ita ce ya sayi fuloti da zarar takardu sun tabbata, ya kewaye shi ya sa ƙofa, sannan ya kama hayar ciki da falo a cikin unguwar na shekara ɗaya. A cikin shekarar zai ga damina, zai ga rani, zai san wane layi ne tiransifomarsa take ƙonewa a riƙa bin gida-gida ana karo-karo, zai kuma tsaya a kan magina da kansa. Idan unguwar ba ta karɓe shi ba, ya sayar da filin da riba ya sauya gefe. Wanda ya gina ya tare kuwa, ya ɗaure kansa.

Dattijon Unguwa:

Ɗana, na karanta abin da 'yan'uwanka suka rubuta, duk gaskiya suka faɗa, amma akwai abin da ba ka ambata ba kuma babu wanda ya tambaye ka. Ina mahaifiyarku za ta zauna idan an sayar da gidan? Idan wurin yayanku za ta koma, to gefen da yake shi ne ya kamata ya rinjayi zaɓinka, domin zumunta a ƙafa take, kuma mutumin da ke baro kasuwa da magariba ba zai riƙa ratsa gari daga Mariri zuwa wajen Kurna don gaida tsohuwa ba, komai kyan niyyarsa. Zai fara da kullum, ya koma Juma'a-Juma'a, daga nan sai waya.

Na biyu, ka zauna da mai ɗakinka ku yi maganar nan da gaske, domin kai kwana kawai za ka riƙa yi a unguwar, ita ce za ta wuni a cikinta. Matar da ta saba da gidan yawa, inda idan za ta je asibiti akwai wanda za ta bar wa yara, idan gishiri ya ƙare ta aika ɗaki na gaba, ita ce za ta tsinci kanta a bayan katanga tsakanin kangaye, ba ta san kowa ba. Idan tana da wata sana'a ta cikin gida, masu sayenta a cikin gari za ta baro su.

Jama'a kuwa ba a gane su ta bakin dillali. Ka je masallacin layin ka yi sallar asuba, ka sake komawa ka yi isha'i, ka ƙirga sahu, ka ga ko akwai dattawan da ake jin maganarsu. Ka zauna wurin mai shayi ka saurara. Ka tambayi mai unguwa ko suna da 'yan sintiri kuma nawa kowane gida yake bayarwa a wata, ka tambayi inda suke kai gawa da nisansa, ka tambayi wanda ke da mota a layin da ake buga wa ƙofa idan naƙuda ta tashi cikin dare, domin daga irin wuraren nan zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano tafiya ce, a daidaita sahu kuma ba ta samuwa a wannan lokaci. Ka lura da matasan da ke zama a bakin kangaye da yamma, saboda ɗanka yana da shekara tara ne yanzu, nan da shekara biyar su ne abokan hirarsa, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kada kuma sunan unguwa ya yanke maka hukunci. Ɗorayi ta sha shiga labarai saboda faɗan daba, amma Ɗorayi ƙasa ce guda, akwai layukan da malaman jami'a suka cika su, yaro ba ya ko ɗaga murya. Layi ake bincike, layi-layi.

Baban Walida:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Baba, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Hajiya wurin yayanmu za ta koma, shi kuwa a Rijiyar Zaki yake, saboda haka na cire Mariri daga lissafi tun a daren jiya. Na kuma yi magana da Maman Walida kamar yadda ka ce, sai na tarar ita Gaida take so, domin yayarta tana Sabuwar Gandu, kuma tun farko ba ta faɗa ba ne don ta ga hankalina ya karkata ga gini. Yanzu ina tsakanin uwata da uwar 'ya'yana, kowacce da gefenta. Na yi lissafin kuɗin hanya da Abu Sadiƙ ya ce, abin da ya fito ya ba ni tsoro, har na fara tunanin rage girman ginin in mayar da babur. Ranar Talata zan nemi izinin maigidana in zagaya makarantun gefen biyu. Malama, idan shugabar makaranta ta ƙi nuna mini littafin yara, in ɗauka akwai abin da take ɓoyewa ne?

Malama Uwar Ɗalibai:

Ba lallai ba ne, wasu suna ƙi ne saboda ba su san ka ba, kuma suna da hujja. Ka jira lokacin tashi, ka tsaya nesa kaɗan da ƙofa, za ka ga iyaye sun zo ɗaukar yara. Ka yi wa wani uba sallama ka gaya masa abin da ya kawo ka, ka roƙe shi ya buɗe maka jakar ɗansa a gabansa. Ka tafi da Maman Walida idan zai yiwu, domin iyaye mata sun fi sakin baki da 'yar'uwarsu mace, kuma su ne suka san wace malama ce take zuwa aji da wadda take zama a ofis tana sayar da atamfa.